Hoton Rufin Gida Ba Ya Hana Kowa Tsallaka Kwata

Duk lokacin da damina ta kankama a Akra, sai saƙonnin gargaɗi su cika wayoyinmu, kuma kusan dukkansu hoto iri ɗaya suke ɗauke da shi: unguwa da aka ɗauko daga sama, ruwa ya shanye gidaje har rufi, kwale-kwale na ratsa titi. Mu mazauna zango muna cewa wannan hoto cutar da mu yake yi.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda aka koya wa idonsa cewa ambaliya ita ce ruwa a kan rufi, idan ya leƙa ƙofarsa a Nima ko Alajo ya tarar ruwa iya idon sawu ne, sai ya ce da sauran lokaci, ya aiki yaro sayen gawayi. Alhali ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuwa yana iya jan ƙaramar mota. Ga shi kuma yana rufe bakin kwata, mai tafiya bai san inda titi ya ƙare ba.

Ba mu manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba. Mutane sun fake wa ruwa a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya malala a kan ruwan, wuta ta tashi, kimanin mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wane hoton gargaɗi ne ya taɓa nuna musu cewa mafakar da suka zaɓa ita ce haɗarin?

Wasu za su ce sai da hoto mai firgitarwa ake farkar da jama'a. To, tsoron da bai gaya wa mutum inda zai nufa ba, kallo kawai yake haifarwa: a duba, a yi salati, a tura wa na gaba.

Buƙatarmu ga hukumomi da masu yaɗa saƙo ita ce a nuna mana kwatar unguwarmu da gaɓar kogin Odaw da alamar zurfin da za a tashi idan ruwa ya kai ta. A nuna masallaci ko makarantar da ke kan tudu, a haɗa da muryar Hausa domin iyayenmu da ba sa karanta Turanci. Mu kuma, kafin mu tura hoto a WhatsApp, mu tambayi kanmu: na wace unguwa ne, na wace shekara, kuma me yake umartar maƙwabcinmu ya yi a daren nan?