Sankarar bakin mahaifa: aiki bai ƙare ba a ranar da aka yi wa mace magani

Duk watan Oktoba, ƙasashen da ke amfani da Faransanci kamar Kamaru, Cadi da Nijar kan shirya gangamin "Octobre Rose", inda ake auna mata kyauta ko a farashi mai rahusa. Hukumomi kan sanar da yawan matan da aka auna da waɗanda aka yi wa magani. Abin da ba a cika jin adadinsa ba shi ne matan da suka koma asibiti bayan shekara guda, alhali a nan ne ake sanin ko maganin ya ci.

A ranar 17 ga Nuwamban 2020, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta. Burinta kafin 2030 shi ne a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafin ƙwayar HPV, a auna kashi 70 na mata, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka gano da matsala magani. A 2022 kaɗai cutar ta kashe mata kusan dubu 350, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Kafin sankara ta bayyana, fatar bakin mahaifa kan fara canzawa tsawon shekaru. Idan an gano da wuri, akan ƙone wurin da na'ura mai zafi ko mai sanyi, ko a yanke shi da zaren waya mai lantarki. Amma ba kullum ake kawar da shi duka ba. Wani nazari da mujallar Lancet Oncology ta wallafa a 2017 ya nuna cewa a kusan kashi 23 na matan da aka yi wa yanka, cutar ta kai har gefen naman da aka cire, kuma kusan kashi 7 ta saura ko ta dawo musu. Nazarin ya ce gwajin HPV bayan aiki ya fi binciken gefen naman iya nuna wadda ke cikin haɗari. Matsalar ta fi tsanani ga mata masu ɗauke da ƙwayar cutar Sida.

Shi ya sa ƙa'idar OMS ta 2021 ta ce a sake auna mace bayan wata 12, da gwajin HPV idan akwai. Mai ɗauke da ƙwayar Sida kuwa sai an auna ta sau biyu, wata 12 tsakani. In an tarar da saura, akan sake yanke wurin. Yawan yanka na ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, don haka likita kan duba shekarun mace da ko tana son ƙarin haihuwa. Cire mahaifa ba shi ne matakin farko ba, kuma ko an cire, ana ci gaba da dubawa. Allurar rigakafi ma ba ta warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga jiki.

Ga Hausawa mazauna zango-zango da garuruwan kan iyaka, cikas ɗin a fili yake. Fatauci da aure kan kai mace wata ƙasa kafin wa'adin ya cika. Takardar asibiti da Faransanci ko Turanci ake rubuta ta. Ragowar cutar kuma ba ta ciwo, sai mace da maigidanta su ɗauka an warke, su ga babu dalilin kashe kuɗin mota.

Akwai cibiyoyin da suka daɗe a wannan aiki, kamar shirin aunawa da magani a rana guda na Dschang a Kamaru da asibitin Katolika na Battor a Gana. Sai dai magani a rana guda yana rage wahalar zuwan farko ne kawai, bai ɗauke buƙatar komawa ba. Ya rage ga ma'aikatun lafiya su riƙa bayyana adadin matan da suka dawo, su bai wa kowace mace kati mai ɗauke da irin aikin da aka yi mata da ranar komawa, a kuma yi mata bayani da harshen da take ji. Mace kuma ta adana katin nan duk inda ta je, ta nemi asibiti nan take idan ta ga jini bayan saduwa ko tsakanin al'ada.