Saki Ba Ya Soke Haya

Jama'ar zango, wata mummunar al'ada ta shigo mana, ba kuwa za mu yi shiru ba. Mutum ya kama ɗaki da matarsa a Nima, mai gida ya karɓi adibas na shekara 2, ciki har da abin da matar ta tara wajen sayar da koko. Bayan wata 5 sai faɗa, sai saki. Kashegari gogan naka yana ƙofar mai gida, wai a ba shi ragowar kuɗinsa zai tashi. Matar fa? An zube mata kwanuka a tsakar gida!

Wa ya koya muku wannan? Suratul Ɗalaƙi ta hana fitar da mace daga ɗakinta kafin ta gama idda. Hayar watannin nan tana wuyan miji.

Ku kuma masu gidaje, dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas fiye da na wata 6, kun sani sarai.

Daga yau, wanda ya zo zauren Liman neman takardar saki, sai ya nuna mana rasidin ɗaki tukuna, ya faɗi wanda ya zuba kuɗin.