Filayen golf ɗinmu da muka raina, kafin a yanka su fuloti

Jefa wannan tambaya a zauren WhatsApp na ajinku: ina filin golf yake a garin nan? Na tabbata dariya ce za ta fara zuwa. Wani ya turo sitika, wani ya ce ai wasan tsofaffin janar-janar ne da 'yan kwangila, wata ta ce ita a fim kawai take ganinsa. Amma mu ɗin nan ne, idan wani ɗan ƙwallo ya ɗora hotonsa riƙe da sanda a wani fili a Dubai, muke rige-rigen danna masa alamar zuciya. Alhali a Jos da Kaduna da Kano da Zariya akwai filayen wannan wasa, wasunsu sun girmi kakanninmu, kuma da yawanmu kullum sai mun wuce ta gefensu a adaidaita ba mu taɓa leƙawa ba.

Ga wanda bai san wasan ba, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, abin ba shi da wuyar fahimta. Cikakken fili yana da ramuka 18. Za ka doki 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga inda aka ware, ka bi ta kana dukanta har ta faɗa rami, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya gama da mafi ƙarancin duka shi ya yi nasara. Doka ta hana ɗan wasa ɗaukar sanda fiye da 14 a jakarsa, kuma zagaye ɗaya kan ci kamar awa huɗu ana tafiya a ƙasa. Abin da ya bambanta shi da ƙwallon ƙafa shi ne babu filaye biyu da suke iri ɗaya. Kowane fili da halinsa, shi ya sa masu wasan ba sa gajiya da musu a kan wanne ya fi.

Idan aka fara wannan musu a Najeriya, da wuya a yi nisa ba a ambaci filin IBB da ke Abuja ba, wanda aka buɗe a 1991 aka kuma sa masa sunan Janar Ibrahim Badamasi Babangida. Gaskiya ya cancanci yabo: ciyawa shar, tafkuna, ga duwatsun Abuja a bayanka idan za ka ɗauki hoto. Sai dai shi ba ya buƙatar wani ya yi masa talla. Waɗanda nake so ka sani su ne tsofaffin da aka manta da su a jerin.

Fara da Rayfield a Jos. An kafa kulob ɗin a 1913, wato ya girmi ita kanta Najeriya da shekara guda, tunda sai a 1914 aka haɗe Kudu da Arewa. Haƙar kuza ce ta tara Turawa a yankin, su suka zo da wasan, kuma har yau tafkunan da haƙar ta bari suna nan a kewayen Rayfield. Jos tana bisa tsaunin da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, don haka ƙwallo ta fi yin nisa idan aka doke ta. Ɗan wasan da ya saba da Legas sai ya sake lissafinsa a nan. Ƙara da sanyin safiyar Jos, za ka gane dalilin da ya sa wanda ya san wasan ba ya tsallake wannan fili.

Sai na Kaduna, wanda tarihinsa ke komawa 1921, 'yan shekaru kaɗan bayan garin ya zama hedikwatar Arewa. Har titi guda ya ci sunansa a garin, amma tambayi matasan da ke bin titin ko sun taɓa taka filin. Haka na Kano da ke wajen Bompai, da na Zariya. Abin da ya haɗa su shi ne gari ya girma ya zagaye su. A da suna bayan gari ne, a unguwannin Turawa. Yanzu sun zama tsibirin bishiyoyi a tsakiyar siminti da hayaƙin motoci.

Akwai kuma wata dabara da filayen yankinmu suka daɗe da ita. Wurin da ramin yake, a Turai lallausar ciyawa ake shukawa, wadda sai an yi ta ba ta ruwa kullum. A ƙasar da rani ke ɗaukar fiye da rabin shekara, sai aka koma amfani da yashi da aka cakuɗa da mai, a baje shi sumul, a share wa ƙwallo hanya kafin a tura ta rami. Wasu na ganin wannan alamar talauci ce. Ni kam ina ganin hikima ce ta mutanen da suka san tsadar ruwa. Ga kuma hunturu: ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallo na sauka ta ci gaba da gudu, hazo ya ɓoye maka tutar da kake nufa. Wanda ya iya wasa a haka ba ƙaramin gwani ba ne.

Kada kuma ka ɗauka golf ɗin ƙasar nan bai taɓa zama abin a zo a gani ba. Sandy Lyle na Sikotland ya ci gasar Nigerian Open a 1978, daga baya ya lashe babbar gasar Masters ta Amurka a 1988. Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, shi ma ya ci gasar tamu a 1988, kuma a 2004 ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods. Ta nan suka bi.

Na san abin da za ka ce, kuma kana da gaskiya. Turawan mulkin mallaka don kansu suka gina waɗannan wurare, baƙar fata aikinsa ɗaukar jaka da yankan ciyawa. Da suka tafi, manyanmu suka gaji kujerun, ƙofar kuma ba ta buɗu sosai ba. Kuɗin shiga kulob da na sanduna sun fi ƙarfin ɗalibin da ke lissafin kuɗin data da na hando. Kuma cikakken fili kan cinye hekta 50 ko fiye. Me zai sa a bar wa mutum 'yan ɗaruruwa wannan makeken wuri a garin da miliyoyi ke neman muhalli?

To amma tsaya ka duba abin da ke faruwa da fili idan ya bar hannun masu shi a garuruwanmu. Filin ƙwallon unguwarku da kuka taso kuna bugawa, yau mene ne a wurin? Gefen katangar makarantun firamare nawa ka gani an jera wa shaguna? Idan aka yanka filin golf, ba talaka ne zai samu fuloti ba, kai ma ka sani. Rukunin gidaje masu katanga da mai gadi za su tashi, bishiyoyin da suka shekara da shekaru su tafi, ƙasar da ke shanye ruwan sama ta koma kankare, ambaliya ta gangaro unguwannin da ba su ci ba ba su sha ba. Zafin watan Afrilu kuma ba ya tambayar ko kana buga golf.

Saboda haka abin da ya kamata mu nema shi ne a buɗe ƙofar. Kuma ba sabon abu ba ne a duniya. Tsohon filin St Andrews a Sikotland, wanda ake ɗauka a matsayin gidan golf, kuma daga gare shi aka samo tsarin ramuka 18, fili ne na jama'a. Yawancin ranakun Lahadi ba a wasa a cikinsa, mutanen gari ne ke shiga su sha iska da iyalansu. Idan filin da ya fi kowanne daraja a duniya zai iya haka, me zai hana namu su ware rana guda a wata don ɗaliban sakandare da na jami'a? Tsofaffin sanduna suna nan jibge a gidajen mambobi. Yaran da ke ɗaukar jaka kuma, waɗanda suka fi kowa sanin lungu da saƙon filin, a ba su lokacin atisaye da gasa tasu. Seve Ballesteros na Sifaniya da ɗaukar jaka ya fara, yana koyon duka a bakin teku da tsohuwar sanda guda ɗaya, kuma yana ɗan shekara 22 ya lashe gasar Open ta Birtaniya a 1979. Tun 2016 golf ya dawo cikin wasannin Olamfik. Wa ya ce ɗan Tudun Wada ba zai iya ba?

Mu ma akwai namu aikin, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi shiga ta mutunci, ku je ofishin kulob ɗin garinku ku nemi izinin kallo, musamman ranar gasa. Idan an ba ku, ku kiyaye ladabin wurin: a yi shiru lokacin da mutum zai doki ƙwallo, kada a tsaya a gabansa, kada a ɗauki ƙwallon da aka gani a ƙasa. Ku zauna da tsofaffin ma'aikatan filin ku ji tarihi daga bakinsu, da ɗan gari kan ci gari. Ku ɗauki hoto da bidiyo ku ɗora a TikTok da Facebook da sunan wurin. Idan kuma an hana ku shiga, ku rubuta hakan ma cikin ladabi, ku tambayi dalili.

Wurin da jama'a ba su sani ba shi ake sayarwa cikin dare ba wanda ya ce uffan. Mun saba sai buldoza ta gama aiki sannan mu cika intanet da ihu bayan hari. Wannan karon mu riga ta isa. Wane fili ne a garinku, kuma yaushe za ka je ka gan shi da idonka?