Tsohon Da Aka Bari A Gida Da Wanda Aka Bar Wa Shi

Duk wanda ya san garuruwan yammacin Jihar Kano, irin su Kafin Dafga a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye da ƙauyukan ƙasar Rogo, ya san cewa gidaje da dama tsofaffi ne suka rage a cikinsu. 'Ya'yan da aka sha wahala aka sa a makaranta sun zama malamai da akawuna da manyan ma'aikata a Kano da Kaduna da Abuja. Idan ƙarfin uwa ko uba ya ƙare, sai a nemo wanda zai zauna da su, ko dai wata bazawara cikin dangi, ko matar ƙaramin ɗa, ko wani almajiri da ya girma a unguwar, a riƙa ba shi wani abu a ƙarshen wata. Daga nan sai ɗan ya koma birni yana zaton ya sauke nauyi. A ganinmu, a nan ne nauyin ya soma.

Lafiyar tsoho da kwanciyar hankalinsa sun rataya ne a kan irin zaman da ke tsakaninsa da mai kula da shi, kuma zaman nan ba ya gyaruwa da kansa. Mutumin da ya shekara hamsin yana ba da umurni a gidansa, yau ga shi sai an kama shi ya tashi, sai an zuba masa ruwan alwala, sai an raka shi bayan gida. Kunya kaɗai ta isa ta sa shi faɗa ba dalili. Saboda haka wajibi ne namiji ya kula da namiji, mace ta kula da mace a wajen wanka da sauya tufafi, kuma a nemi yardar tsohon kafin a kawo masa kowa. Mai kula da shi ya durƙusa ya gaishe shi, ya kira shi Baba ko Malam, ya kira tsohuwa Inna ko Hajiya, ya yi sallama kafin ya shiga ɗaki. A bar masa makullin rumbunsa da kuɗin goronsa, a riƙa neman shawararsa a kan gona da auren jikoki. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai kuma rikicin tsufa, wanda likitoci suka tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Mai wannan ciwo yakan ajiye kuɗi ya manta, sa'an nan ya ce mai kula da shi ne ya sace, ko ya ci tuwo ya ce tun jiya ba a ba shi komai ba. Idan ɗan da ke birni ya ji haka ta waya ya hau zagi ba bincike, ya zalunci mai gaskiya. Idan kuwa ya ɗauki kowane ƙorafi a kan ruɗewa ce, wataƙila ya bar mahaifinsa a hannun mugu. Maganin abin shi ne zuwa da kai, a ranar da ba a sa ran ganinka ba. Zumunta a ƙafa take.

Shi ma mai kula da tsoho yana da hakki. A shekarar 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, bayan doguwar jayayya da ƙungiyoyin ƙwadago. Ma'aikacin da ke tada jijiyar wuya idan albashinsa ya yi jinkirin mako guda, bai kamata ya bar wadda ke wanke wa mahaifiyarsa tufafi ta yi wata biyu tana jira ba. A yanke lada a gaban dattawa biyu ko mai unguwa, a faɗi aikin da ke kanta, a ware mata ranar hutu da wanda zai karɓe ta. Ko da surukar gida ce, aikin nan alheri take yi, a gode mata a kuma saka mata. Wanda bai yi barci ba, bai ƙoshi ba, da wuya ya yi haƙuri da mai gigin tsufa.

Bugu da ƙari, tausayi ba ya wadatarwa in babu sani. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar a juya shi kamar kowane awa biyu, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Maganin hawan jini ba a daina shan sa don an ji sauƙi. Mai ciwon sukari kuwa a riƙa duba ƙafafunsa kullum. Ma'aikacin lafiya na asibitin mazaɓa zai iya koya wa mutum waɗannan cikin 'yan kwanaki.

Gwamnatin Tarayya ta yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a farkon 2018, ta kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Amma takarda ba ta ɗaga tsoho daga kan tabarma. Gidan gajiyayyu na Shahuci a birnin Kano kuwa ba zai ɗauke wannan nauyi ba, kuma Bahaushe yana ganin abin kunya ne ya kai iyayensa can. Tun da yake a gida za a ci gaba da jinya, a gida ya kamata a kai taimako.

Muna kira ga sassan lafiya da na jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo su shirya ɗan gajeren horo ga masu kula da tsofaffi, su kuma sa ma'aikatansu su riƙa leƙa gidajen da ke da marasa lafiya kwance. Masarautar Ƙaraye, wadda dokar 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashinta, tana iya umurtar dagatai da masu unguwanni su san kowane gida da tsoho ke hannun wanda ba ɗansa ba, su zama wurin kai kuka ga kowane ɓangare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗalibai kuma, idan an yi hutu, ku karɓi mai jinyar kakanninku ko da na mako guda ne, ta samu ta je ta ga nata dangin. Ma'aikata, ku tuna shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa ba su da nisa, kuma yaranku suna kallon yadda kuke yi da nasu kakannin.