Matattun da suka dawo da rai: wane hukunci ya dace da mai maimaita fyaɗe?



Kwanakin baya wata uwa ta shigo kantin magani inda nake aiki, gab da magariba. Ta tsaya gefe har sai da mutane suka ragu, sannan ta matso ta ce in ba ta maganin kashe zafi da man shafawa na yarinya 'yar shekara tara. Da na tambayi abin da ya sami yarinyar sai ta fashe da kuka. Maƙwabcinsu ne ya lalata ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba wannan ne karonsa na farko ba, irin wannan ta'asar ce ta sa danginsa suka ɗauke shi daga garinsu suka turo shi nan. Yanzu ma manya sun zauna, an ce a rufa asiri, za a tura shi wani garin. Ban sayar mata da komai ba, na roƙe ta ta kai yarinyar asibiti a daren. Tun ranar nake tunanin yadda irin waɗannan mutane ke ɓacewa, shi ya sa na kawo muku labarin mutum biyu da suka kai ɓacewar maƙura, wato suka yi mutuwar ƙarya.

Na farko Ba'amurke ne mai suna Nicholas Rossi. A 2008 wata kotu a jihar Ohio ta same shi da laifin cin zarafin wata ɗaliba ta hanyar lalata, aka sa sunansa a rajistar masu irin wannan laifi. A wannan shekarar kuma wata mata a jihar Utah ta kai ƙarar an yi mata fyaɗe, aka duba ta a asibiti, aka ɗauki samfuri daga jikinta aka adana. Samfurin ya yi kusan shekara goma a ajiye kafin a gwada shi, da aka gwada sai ƙwayar halitta ta DNA ta nuna Rossi. A farkon 2020 sai ga sanarwa a intanet cewa ciwon daji ya kashe shi ranar 29 ga Fabrairu. Ashe yana raye a Birtaniya, ya koma amsa sunan Arthur Knight, yana cewa shi maraya ne ɗan ƙasar Ayalan wanda bai taɓa taka Amurka ba. Cutar korona ce ta tona masa asiri. A Disamban 2021 yana kwance a wani asibiti a birnin Glasgow aka gane shi ta zanen da ke hannuwansa. Ya riƙa zuwa kotu a keken guragu da abin shaƙar iska a fuska, har ya ce wai zana masa aka yi lokacin da yake dogon suma don a ɗora masa laifi. Alƙali bai yarda ba. An mayar da shi Amurka a Janairun 2024, kuma a 2025 kotuna biyu a Utah suka same shi da laifin yi wa mata biyu fyaɗe.

Na biyu a Afirka ta Kudu ne. Thabo Bester yana yaudarar mata a Facebook da alkawarin aiki, sai sun zo ya far musu. A 2012 aka yanke masa ɗaurin rai da rai kan fyaɗe da kisa. A watan Mayun 2022 wuta ta tashi a ɗakinsa a kurkukun Mangaung da ke Bloemfontein, aka fito da gawa ƙurmus, hukuma ta sanar cewa ya mutu. Amma binciken likita ya nuna duka a kai ne ya kashe mai gawar tun kafin wutar ta taɓa shi, gwajin DNA kuma ya tabbatar ba Bester ba ne. Sai a Maris na 2023 'yan jarida suka fallasa maganar, a watan Afrilu aka kama shi a Arusha ta ƙasar Tanzaniya tare da wata likita da ake tuhuma da taimaka masa.

Mai karatu, ka lura da abin da ya kama su. Shi Rossi, mace guda ce ta daure ta je asibiti aka ɗauki shaida, shaidar ta zauna tana jiransa. Shi Bester, likitan da ya duba gawa ne ya rubuta abin da ya gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai an sami mai bin ramin. A wurinmu mai fyaɗe ba ya ma buƙatar wahalar mutuwar ƙarya. Ya isa a ce “ya tafi ci-rani” ko “an mayar da shi ƙauye”. Wanda ya yi ɓarna a Agege sai ya bayyana a Sabo ta Ibadan ko Mararaba, ya kama ɗaki kusa da wasu yaran, babu takarda ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa.

To, wane hukunci ya dace da wanda ya maimaita? Dokokinmu ba su rasa tsanani ba. Dokar VAPP ta 2015, wadda ta hana cin zarafin mutane, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe, ta kuma ce a buɗe rajistar sunayen waɗanda aka samu da laifin. Hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da rajistar ta ƙasa a Nuwamban 2019. A Satumban 2020 jihar Kaduna ta wuce nan, inda ta yi dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ƙasa da ɗan shekara 14 fyaɗe, dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan wanda aka yi wa ya haura haka.

Da yake harhaɗa magunguna ne aikina, tambayar da aka fi yi mini ita ce ta allurar kashe sha'awa. Akwai ta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokarta a 1996 domin masu maimaita lalata da ƙananan yara, Koriya ta Kudu ta fara a 2011, Indonesiya ta bi sahu a 2016, duk da cewa ƙungiyar likitocin ƙasar ta ce ba za ta yi allurar ba. Ɗaya daga magungunan da ake amfani da su shi ne medroxyprogesterone, wato sinadarin da ke cikin allurar tazarar haihuwa ta wata uku da mata da yawa suka sani da Depo-Provera. A jikin namiji yana rage sinadarin testosterone, sai sha'awa ta ragu. Yana jawo ƙiba, da raunin ƙashi, yana iya taɓa sukarin jini. Babban abin da nake so ku riƙe shi ne aikinsa na ɗan lokaci ne. Da zarar an daina allurar, jiki zai koma yadda yake. Sai mutum ya riƙa kawo kansa a kan lokaci, ana auna jininsa, ana bibiyarsa shekara da shekaru. Wanda zai iya shirya sanarwar mutuwarsa, ko ya sa a kawo gawar wani ɗakinsa, kuna jin zai riƙa zuwa karɓar allura da ƙafarsa?

Sannan ba sha'awa kaɗai ke sa fyaɗe ba. Akwai mugunta, da son nuna iko a kan mai rauni. Wanda aka yi wa dandaƙa yana da hannu, yana iya ɗaukar wani abu ya cutar da yaro, shi ya sa dokar VAPP ta lissafa wannan ma a matsayin fyaɗe. Hukuncin kisa kuma yana da nasa haɗarin da ya kamata mu faɗa wa juna. Sau da yawa mai laifin ɗan gida ne, kawu ko ɗan kishiya ko malami, kuma idan iyali suka san kai ƙara zai kai shi ga igiya, sai su ƙara danne maganar, yarinya ta ci gaba da kwana gida ɗaya da shi.

Ra'ayina shi ne wanda kotu ta samu da fyaɗe karo na biyu ya zauna a kurkuku iya rayuwarsa, kada sunansa ya shiga jerin masu afuwar gwamna ranar bikin 'yancin kai ko wani biki. Tun a karon farko a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da DNA ɗinsa, a sa su a rajistar da 'yan sandan kowace jiha za su iya dubawa, kuma makarantun boko da Islamiyyu da gidajen marayu su riƙa tambaya kafin su ɗauki ma'aikaci. Wanda ya taimaka masa ya gudu, ko ɗan'uwa ne ko ma'aikacin lafiya da ya sa hannu a takardar mutuwar ƙarya, shi ma ya fuskanci kotu. Allura kuwa ta zama ƙari ga wanda ya gama zaman gidan yari ya kuma amince a yi masa, ƙarƙashin kulawar likitan ƙwaƙwalwa. Kada ta zama madadin ɗauri.

Amma duk wannan ba ya farawa sai da ƙarar farko, kuma wannan a hannunku take, iyaye. Mutum ba ya zama “mai maimaitawa” a idon alƙali idan na farkon a zaure aka kashe shi da ban-haƙuri da kuɗin magani. Idan abin ya faru, Allah Ya kiyaye, kada a yi wa yarinya ko yaro wanka, kada a gasa da ruwan zafi, kada a wanke tufafin. A sa su a ambulan ko jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ɓata shaida. A tafi asibitin gwamnati nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau, wanda ake kira PEP, dole a fara shi cikin awa 72, kuma a sha shi kwana 28 ba fashi. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa ma ta fi aiki idan an sha ta da wuri, cikin kwana ukun farko. Za a duba sauran cututtukan sanyi da ciwon hanta, likita ya rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Mazauna Legas akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, wadda ke wannan aiki kyauta tun 2013. Kemis ba wurin wannan ba ne, man shafawa ba ya hana ƙanjamau kuma ba ya tsayawa shaida.

A ƙarshe, don Allah a daina yi wa yarinya karin maganar ɓera da daddawa. 'Yar shekara tara ba ta da laifin komai. Ki rungume ta, ki ce mata kin yarda da maganarta, ki riƙa mayar da ita asibiti a ranakun da aka ba ku. Masu unguwanni da sarakunan Hausawa na zango-zango, idan irin wannan magana ta zo gabanku ku miƙa ta ga hukuma, domin wanda kuka sallama yau gidan wani zai sauka gobe.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.