Kafin A Sayar Da Gona Don Koyon Japananci

Tun watan Agusta na 2025, lokacin da aka yi taron TICAD karo na 9 a birnin Yokohama, sunan ƙasar Japan ya shiga bakin matasanmu a fada-fada da tashoshin mota. Abin da ya jawo haka shi ne labarin da ya bazu cewa wai Japan ta ware wa ƴan Najeriya wani gari mai suna Kisarazu, har da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ƙaryata batun bizar, kuma a watan Satumba hukumar JICA ta soke shirin ƙawancen garuruwan baki ɗaya. To amma ƙaryatawar ba ta kai inda labarin ya kai ba. Har yanzu a gidan rediyonmu muna samun masu kira, iyaye da samari, suna tambayar hanyar zuwa Japan, kuma hanyar da dillalai suka fi nuna musu ita ce ta makarantar koyon harshe.

Hanyar gaskiya ce, ba damfara ba ce a kan kanta. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan makarantu a Japan, kuma gwamnatin ƙasar tana son ɗalibai baƙi: a 2008 ta ɗauki ƙudurin kai su 300,000, ta cimma haka a 2019, sannan a 2023 ta ɗaga burin zuwa 400,000 nan da 2033. Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, yaron da bai san ko baƙi ɗaya na Japananci ba bai kai lokacin zaɓen makaranta ba tukuna, kuma idan lokacin ya zo, kada ya bari dillali ya zaɓa masa.

Bari mu fara da harshen kansa. A wajen furuci Bahaushe ya yi sa'a. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu, suna da dogo da gajere, suna kuma ruɓanya baƙi. Yadda muke bambanta gari na zama da garin tuwo, haka suke bambanta obasan, wato gwaggo, da obaasan, wato kaka. Bature yana wahala a nan, mu kunnenmu ya saba. Aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jimla, wanda abokanmu Barebari ba za su ga baƙon abu a ciki ba. Inda gizo ke saƙa shi ne rubutu. Suna da jerin baƙaƙe biyu, hiragana da katakana, kowanne 46, kuma mai himma zai haddace su cikin ƴan makwanni. Bayan su sai kanji, alamomin da suka aro daga Sin, waɗanda gwamnati ta ƙayyade 2,136 a matsayin na yau da kullum. Ɗan firamare a Japan yana koyon 1,026 cikin shekara shida. Ɗalibin makarantar harshe kuwa bizarsa ba ta wuce shekara biyu.

Wannan ne ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga ɗan Afirka ita ce: su wane ne a cikin ajin? Makarantu da yawa ƴan ƙasar Sin da Taiwan ne suka cika su, kuma waɗannan sun zo da dubban kanji a kansu tun daga gida. Malami zai rubuta alama a allo, su sun gane ma'anarta tun kafin ya buɗe baki, yaronmu kuma yana nan yana ƙirga layukan da aka ja. Aji yana tafiya ne da saurin mafi rinjaye. Cikin wata uku an bar shi a baya, ya fara ganin kansa daƙiƙi alhali ba daƙiƙi ba ne. Akwai makarantun da suke ware aji na musamman ga waɗanda ba su taso da kanji ba, kuma makarantar kirki ba ta ɓoye ƙasashen ɗalibanta. Idan ka tambaya aka yi maka kwana-kwana, to ka samu amsa. A sani kuma cewa galibinsu da Japananci zalla suke koyarwa tun ranar farko, babu Faransanci, babu Turanci. Wanda ya je babu komai a kansa, watanninsa na farko masu tsada za su ƙare ne a kan abin da zai iya koya a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a Maraɗi ba tare da ya biya ko dala ba.

Kayan koyon kuwa suna nan. Gidauniyar Japan Foundation ta saka littattafan Irodori a intanet kyauta, har da sautinsu. Gidan rediyon NHK yana da darussan masu farawa da Faransanci, kuma a matsayina na ɗan rediyo ina ganin gidajenmu na karkara ba su yi amfani da irin wannan dama yadda ya kamata ba. Littafin Minna no Nihongo, wanda makarantun Japan da yawa suke aiki da shi, yana da bayanin nahawu da Faransanci. Dama shekara da shekaru ana tambayar masu neman gurbi shaidar cewa sun yi karatun awa 150 ko kuma sun kai matakin N5, wato mataki mafi ƙasa cikin biyar na jarrabawar JLPT. Ana yin wannan jarrabawa a Yuli da Disamba, kuma a yankinmu akwai cibiyoyinta a Abijan da Akara. Dillalin da ya ce zai samo maka takardar awa 150 ba tare da ka zauna aji ba, ƙarya ya sa ka fara yi wa hukumar shige da fice ta ƙasar da kake son zama, kuma makarantu sukan yi hira da ɗalibi ta waya ko ta bidiyo kafin su karɓe shi.

Ba ma dole ne matakin farko ya zama Japan ba. A Kwatano, inda ƴan kasuwarmu suke zuwa sayen motoci, akwai makarantar Japananci da Zomahoun Rufin ya buɗe a 2003, mutumin da daga baya ya zama jakadan Benin a Japan. Jami'ar Alƙahira tana da sashen Japananci tun 1974.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda ita ce take raba uba da gonarsa. Kuɗin shekarar farko a yawancin makarantun yana tsakanin yen 700,000 da 900,000, wato wajen miliyan 3 na sefa, ko sama ko ƙasa kaɗan gwargwadon canji. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa ɗaki da cimaka ba. Kuma kafin a ba da takardar cancanta da ake neman biza da ita, sai an nuna wanda zai ɗauki nauyin ɗalibi, da shaidar banki da ta inda yake samun kuɗinsa. Amsar dillali kullum ɗaya ce: kada ku damu, yaro zai yi aiki ya biya har ya aiko gida. To mu yi lissafi. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 28 a sati, bayan ya karɓi izini, sai a dogon hutu ne ake ƙara masa zuwa awa 8 a rana. A watan Oktoba na 2025 mafi ƙarancin ladan awa a Tokyo ya koma yen 1,226, kuma shi ne mafi tsoka a ƙasar. Sati huɗu ke nan kusan yen 137,000. Cire kuɗin makaranta, kamar 67,000 a wata. Abin da ya rage shi ne na ɗaki, da ci, da jirgin ƙasa, da inshorar lafiya wadda dole ce. Ɗaki kaɗai a Tokyo yana iya cinye fiye da rabinsa. Ina abin aikowa gida? Ina na biyan bashi?

Kuma wanda ba ya jin harshen, aikin da yake samu shi ne na dare: shirya abinci a masana'anta, tantance kaya a sito, rabon jarida da asuba. Ya kwana tsaye, ya zo aji yana gyangyaɗi. Makarantun suna rubuta halartar kowa, kuma wanda ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 sabunta bizarsa kan yi wuya. Wanda ya wuce awa 28 a ɓoye kuma takardun albashi da na haraji sukan tona shi. Ƴan Biyetnam da Nepal sun riga mu shiga wannan rami, an yi ta ba da labarin yadda suka ci bashi a gida don biyan dillalai suka kasa fita. A 2019 hukumomin Japan sun bayyana cewa wata jami'a a Tokyo, mai koyar da aikin jin daɗin jama'a, ta rasa inda ɗalibanta baƙi kimanin 1,600 suka shiga cikin shekara uku. Irin wannan na cikin abin da ya sa aka yi sabuwar doka a 2023, ta fara aiki a Afrilun 2024, wadda ta ba ma'aikatar ilimi aikin tantance makarantun da yi wa malamansu rajista, tare da wa'adin shekara biyar ga tsofaffin makarantu su cika sharuɗɗa.

Saboda haka a nawa ra'ayi, makarantar da tallarta ta fi yawan maganar aiki a kan maganar karatu, a yi nesa da ita. Ta kirki za ta gaya maka yawan ɗalibai a aji, wanda ƙa'ida ba ta yarda ya wuce 20 ba. Za ta gaya maka nawa ne cikin waɗanda suka gama bara suka ci N2, da inda suka nufa, jami'a ko makarantar sana'a ko kamfani, domin makarantun ba manufarsu ɗaya ba. Za ta kuma rubuta maka a takarda abin da za a mayar idan aka hana biza. A duba sunanta a jerin da hukumomin Japan suke wallafawa, a rubuta mata kai tsaye, kuma kuɗi ya tafi asusun makarantar, ba aljihun wani ba. Galibin kuɗin karatun ma bayan takardar cancanta ta fito ake biya, don haka wanda ya ce a kawo miliyan 3 tun ba a tura takardu ba, a tambaye shi dalili.

Ba na ganin wajibi ne a dage sai Tokyo. Garuruwa irin su Fukuoka da Sandai sun fi sauƙin haya, ko da yake ladan aiki ma ya fi ƙasa. Sai dai ga Musulmi babban birni yana da nasa amfani, akwai masallatai da shagunan halal, a ƙasar da naman alade da giyar girki suke ɓuya a cikin abinci da yawa. Wannan ma dalili ne na koyon karatu tun a gida, don mutum ya iya duba abin da aka rubuta a bayan leda.

Wasu za su ce ina sanyaya wa yara gwiwa, alhali a gida babu aiki. Na ji wannan, kuma ban ce kowa ya zauna ba. Amma akwai ƙofar da ba ta cin gona. Gwamnatin Japan tana ba da tallafin karatu na MEXT ta ofisoshin jakadancinta, wanda ya haɗa da kuɗin jirgi da na makaranta da alawus na wata, kuma mai shiga digirin farko ana ba shi shekara guda ta koyon harshe kafin ya fara. Ga masu digiri akwai shirin ABE da aka ƙaddamar a 2013. Guraben kaɗan ne, gasar da zafi, amma mai Bak da maki mai kyau bai yi asarar komai ba idan ya gwada. Ofishin jakadancin Japan da ke kula da Nijar yana Abijan, can ake neman bayanin.

Wanda kuma ya yanke shawarar biya da kansa, ya san cewa makarantun suna ɗaukar ɗalibai ne a Afrilu da Oktoba, wasu har da Yuli da Janairu, kuma ana rufe karɓar takardu wata biyar zuwa shida kafin nan. Yaron da ya fara hiragana a Janairu zai iya zama jarrabawar N5 a Yuli ko Disamba, ya tura takardunsa da sakamako a hannu. Watannin nan su ne kuma za su nuna wa uban ko ɗan nasa yana iya zama da littafi awa biyu kullum babu mai tsaye a kansa.