Eriyar mota ba ado ba ce

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Nyanya zuwa Mararaba ya san darajar rediyo. Amma tsofaffin motocinmu da dama sun kurumce, don kawai eriyarsu mai fita da kanta ta daina motsi.

Galibi matsalar ƙarama ce. Ƙurar hunturu kan cushe sandar, injinta ya yi ta gurnani har igiyar robar da ke tura ta ta tsinke. Wani lokaci fiyus ne ya ƙone, ko shuɗiyar wayar da ke kawo wuta daga rediyo ta kwance, ko tsatsa ta ci inda aka ɗaure eriyar a jikin mota.

Abin takaici, wasu masu wayarin kan yanke wayar su tallata maka sabuwar rediyo, alhali ba can gizo ke saƙa ba.

Kafin ka nufi Apo, goge sandar, duba fiyus. Hukumar Kiyaye Haɗurra na watsa labarin hanyoyi a mita 107.1, kuma direban da bai ji gargaɗi ba shi ke faɗawa inda aka ce a kauce.